Gudawa da ƙarancin jini a jiki ɗaya: wanne ne ya jawo wanne?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure ce, har da masu kiwo. Sau da yawa yaro zai yi ta fama da gudawa, ta tafi ta dawo, in an je asibiti a ce jininsa ya yi ƙasa. Haka nake jin masu awaki da kaji ma suna faɗa, dabba ta yi zawo, idonta ya yi fari fat, sai ta kwanta. Shin gudawar ce ke shanye jinin, ko ƙarancin jinin ne ke kawo gudawar? Kuma idan suka haɗu, da wanne za a fara, maganin tsayar da gudawa ko maganin ƙarin jini?

Baba Dattijo:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, mu dai abin da muka taso muka sani shi ne jini da ruwa tare suke tafiya. Ruwan jiki ya tsiyaye, jini ya bi shi. Shi ya sa mai zawo ke yin fari. Amma bari masana su yi magana.

Nas ɗin Yara:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku tana da kama da gaskiya a ido, amma a cikin jiki ba haka abin ke tafiya ba. Gudawa mai ruwa-ruwa ta kwana biyu ko uku ba ta cin jajayen ƙwayoyin jini. Ruwa da gishirin jiki take kwashewa. Har ma jinin kan yi kauri saboda ruwansa ya ragu, ta yadda idan aka auna PCV, wato gwajin yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini, a wannan lokacin zai iya nuna adadi sama da na gaskiya. Sai an mayar wa yaro ruwan jikinsa sannan ainihin matsayin jinin ke bayyana. Wannan ya sa wasu iyaye ke zargin cewa ƙarin ruwa ne ya tsinke wa ɗansu jini, alhali ƙarancin yana nan tun tuni, bushewa ce ta lulluɓe shi.

Saboda haka, 'yar'uwa, idan kika ga gudawa da ƙarancin jini a jiki ɗaya, yawanci ba ɗayan ne ya haifi ɗayan ba. Akwai wani abu na uku a ƙarƙashi wanda ya haifi duka biyun. Tambayar da muke yi wa kanmu ita ce: ina jinin yake zuwa? Ko dai yana zuba ta hanji, a fili ko a ɓoye, ko hanjin ya lalace ba ya tsotse abubuwan da ɓargo ke buƙata don ƙera sabon jini, ko kuma ƙwayoyin jinin suna fashewa a cikin jijiya. Maganin kowanne daban ne.

Game da wanda za a fara da shi kuwa, babu jayayya. Ruwa ne. Bushewar jiki tana kisa cikin sa'o'i, ƙarancin jini yawanci a hankali yake ginuwa. Ruwan gishiri da sukari na cikin leda shi ne mafi kyau. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A haɗa da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba. A ci gaba da ba da nono da abinci. Maganin tsayar da gudawa ba na ƙananan yara ba ne sam.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode Anti. To ta yaya uwa za ta gane jinin ya yi ƙasa tun kafin a kai ga gwaji?

Nas ɗin Yara:
Ki duba tafin hannunsa a cikin hasken rana, ki gwada shi da naki. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa a hankali ki ga launin cikinta, ki duba dasashi da harshe. Lafiyayye ja-ja ne. Sai kasala, saurin gajiya, haki bayan ɗan wasa kaɗan, wani lokaci da kwaɗayin cin ƙasa. In tafin hannu ya yi fari sosai, ko numfashi ya yi sauri, ko ƙafa ta kumbura, wannan ba na jira ba ne.

Mai Gwajin Jini:
In ƙara a kan abin da Anti ta faɗa. Ido yana kama mai tsanani ne kawai, matsakaici yakan wuce masa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, hemogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ƙasa da giram 13 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ga namiji babba, ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki, shi ne ƙarancin jini. Ga mai ciki da ƙananan yara layin yana wajen 11, kuma ƙasa da 7 a wurinsu mai tsanani ne. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 a duniya suna da ƙarancin jini, masu ciki kuma kashi 37.

Abin da na fi son mutane su sani shi ne tsutsar hanji mai ƙugiya, domin ita ce ɓarauniyar da ba a gani. Tsawonta kamar santimita ɗaya ne, ba a cika ganinta a bayan gida ba, ƙwayayenta kawai muke gani a madubin likita. Iri biyu ne suka fi damun mutum, Necator americanus da Ancylostoma duodenale. Ƙwan yana fita a bahaya, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima da ɗumi, 'yar tsutsar ta huda fatar ƙafar wanda ke tafiya ba takalmi. Daga nan jini ya kai ta huhu, ta hauro maƙogwaro, a haɗiye ta, ta isa ƙaramin hanji ta kafa baki ta fara tsotsa. Tana sakin wani sinadari mai hana jini daskarewa, don haka ko ta sauya wuri, tsohon wurin yana ci gaba da tsiyaya.

Ku yi lissafin tare da ni. Ancylostoma guda ɗaya tana jawo asarar jini kusan mililita 0.15 zuwa 0.2 a rana, Necator kuma kusan 0.03. Mutum mai Ancylostoma 100 yana rasa mililita 15 zuwa 20 kullum. Kowace mililita ta jini tana ɗauke da kusan rabin miligiram na sinadarin ƙarfe, ke nan miligiram 8 zuwa 10 ke tafiya kowace rana. Shi kuwa hanjin lafiyayyen mutum miligiram 1 zuwa 2 yake tsotsa daga abinci a rana. Ko jiki ya ƙara ƙoƙari, ba zai cike wannan giɓin ba. A wata-wata ajiyar take ƙarewa.

Akwai kuma wata, Trichuris trichiura, mai zama a babban hanji. Idan ta yi yawa a cikin yaro tana sa gudawa mai majina da jini, da yawan nishi har dubura ta fito, ga ƙarancin jini da tsumburewa.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya, tsutsar nan mai ƙugiya tana da tarihi mai ban mamaki. Wani likita ɗan Italiya, Angelo Dubini, shi ya fara ganinta a hanjin gawa a 1838. Amma duniya ba ta ɗauke ta da nauyi ba sai wajen 1880, lokacin da ake haƙa hanyar jirgin ƙasa ta cikin dutsen Gotthard a Suwizalan. Ma'aikata suna aiki cikin zafi da ruwa, suna bahaya a cikin ramin, sai ga su suna ta faɗuwa da gudawa da matsanancin ƙarancin jini, da dama suka mutu. Bincike ya nuna tsutsar ce. Yadda take shiga ta fata kuwa, Arthur Looss ne ya gano a Alƙahira a ƙarshen shekarun 1890, bayan ruwan da ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar ya zube masa a hannu, wurin ya yi ƙaiƙayi, daga baya ya ga ƙwayayen a nasa bayan gidan. A 1909 kuma John D. Rockefeller ya ba da dala miliyan ɗaya don yaƙi da ita a jihohin kudancin ƙasar Amurka, inda ake yi wa talakawan karkara kallon malalata, alhali jininsu ake sha. Wannan ɓangaren yana taɓa ni ƙwarai, domin har yau ana kiran yaro rago a aji, ba wanda ya duba tafin hannunsa.

Mai Awaki:
Ni dai a ɓangaren dabbobi na huta da wannan matsalar. Duk wata nake ɗura wa garkena maganin tsutsa gaba ɗaya, babba da yaro. Wadda ta yi zawo kuma in ƙara mata. Duk da haka a damina sai ka ga ɗaya ko biyu sun kumbura a ƙarƙashin haɓa, ido fari, su mutu, ba tare da sun yi zawon ba ma. Wannan kam na tabbata ba tsutsa ba ce, tunda ina ba da magani kuma kashinsu lafiya lau.

Likitan Dabbobi:
Malam, ka yi haƙuri, amma abin da ka siffanta shi ne ainihin hoton tsutsa, kuma mafi muni a cikinsu. Sunanta Haemonchus contortus. Tana zama a ciki na huɗu na tunkiya da akuya, wanda shi ne tumbin gaskiya. Idan aka yanka dabbar aka buɗe wurin za ka gan su kamar zare, matan suna da zane ja da fari a murɗe, jan shi ne hanjinta cike da jinin dabbarka. Kowace ɗaya tana jawo asarar kusan mililita 0.05 a rana. Dabba mai guda 5,000 tana rasa mililita 250 kullum, ita kuwa tunkiya mai kilo 30 jininta duka bai wuce lita biyu da 'yan kai ba. Mace ɗaya tana saka ƙwai dubu 5 zuwa dubu 10 a rana, kuma daga haɗiye 'yar tsutsar a ciyawa zuwa fara saka ƙwai kusan mako uku ne. Kumburin haɓar nan ruwa ne, yana taruwa saboda sinadarin furotin na jini ya zube tare da jinin.

Ga abin da ke ruɗa masu kiwo: wannan tsutsar ita kaɗai ba ta cika sa zawo ba. Dabba za ta iya mutuwa kashinta na nan ƙwaya-ƙwaya. Masu sa zawo wasu ne daban, irin su Trichostrongylus da ke lalata bangon hanji, da koksidiya, wasu ƙwayoyin cuta masu shiga bangon hanji, a ƙananan dabbobi. Da yake a makiyaya ɗaya ake kwasarsu, sau da yawa suna haɗuwa, shi ya sa mutane suka ɗauka zawo da farin ido abu ɗaya ne. Wanda yake jiran ya ga zawo kafin ya damu, zai yi asara.

Mai Awaki:
To Likita, in tsutsa ce, me ya sa maganin bai kashe ta ba? Ba na tsallake wata.

Likitan Dabbobi:
Rashin tsallake watan ne ya jawo. Duk lokacin da ka ɗura wa garke duka magani, tsutsotsi masu rauni suna mutuwa, 'yan kaɗan masu jure maganin su tsira. Su kaɗai ke nan za su hayayyafa su cika makiyaya da 'ya'yansu. Ka maimaita wata bayan wata da magani iri ɗaya, wata rana za ka wayi gari duk tsutsar gonarka ba ta jin sa. Wannan matsala ta game duniya, ta yi tsanani a Afirka ta Kudu, Ostireliya da nahiyar Amurka ta Kudu. Abin da ke ƙara hanzarta ta shi ne ba da magani ƙasa da ƙima, ta hanyar kintatar nauyin dabba da ido. Akuya kuma jikinta yana sarrafa yawancin waɗannan magunguna da sauri fiye da tunkiya, don haka ƙimar tunkiya ba ta isar ta.

Saboda wannan ne aka ƙirƙiro katin FAMACHA a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, an ɗauko sunan daga na likitan dabbobi Faffa Malan. Kati ne mai launi biyar, daga ja sosai a lamba 1 zuwa fari a lamba 5. Za ka buɗe fatar idon dabbar ta ƙasa ka gwada da katin a haske. Masu 4 da 5 a ba su magani nan take. Masu 3 a duba yanayinsu, ƙanana da masu shayarwa da awaki a ba su. Masu 1 da 2 a ƙyale su. A cikin kowane garke 'yan tsiraru ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsar.

Mai Awaki:
Ranka ya daɗe, a nan kam ban yarda ba. In bar wasu da tsutsa a ciki da gangan? Ai su za su sake harba wa waɗanda na yi wa magani. Kuma wa ke da lokacin buɗe idon kowace akuya?

Likitan Dabbobi:
Za su harba musu, gaskiya ne, amma da tsutsar da har yanzu magani ke kashewa. Wannan ita ce ribar. Ba wanda ya taɓa raba makiyaya da tsutsa kwata-kwata, abin da ake so shi ne wadda ta rage ta zama mai jin magani. Batun lokaci kuma, dubawar duk mako biyu ce a lokacin ruwa, kuma wanda ya saba ba ya daɗewa a kan dabba ɗaya. Dabbar da kullum ita ce ke komawa lamba 4, kada ka bar ta ta zama uwar garke. Ka kuma rage kiwo a gajeriyar ciyawa mai raɓa, domin 'ya'yan tsutsar a 'yan santimitocin ƙasa suke taruwa.

Gargaɗi biyu. Kada a ba dabba mai sabon ciki maganin tsutsa albendazol, yana iya lalata ɗan tayi. Kuma katin farin ido kawai yake nunawa, bai faɗin dalili. Tsutsar hanta da ake kwasa a wuraren fadama masu katantanwa tana sa farin ido da kumburin haɓa iri ɗaya. Sammore da ƙudan tsando ke kawowa da cututtukan kaska ma suna cinye jini. Kowanne da nasa maganin.

Mai Awaki:
Zan jarraba a rabin garken in gani. Amma har yanzu raina bai kwanta da barin wasu ba.

Mai Kaji:
Likita, mu fa namu a fili yake zuwa. Kaji 'yan mako uku zuwa shida, sai ka ga kashi da jini, sun takure, fuka-fuki a ƙasa, zanko ya koɗe. Koksi ke nan ko?

Likitan Dabbobi:
Mafi yawa shi ne, Hajiya. Wani nau'in koksidiya, Eimeria tenella, tana shiga cikin ƙwayoyin bangon makahon hanji, ta hayayyafa, ta fasa su ta fito, jini ya biyo baya. Ƙwanta ba ya harbi a ranar da ya fita, sai ya samu kwana ɗaya ko biyu cikin laima da ɗumi. Don haka jiƙaƙƙiyar shimfiɗa a gefen mazubin ruwa ita ce gonarta. Amfuroliyam a ruwan sha yana aiki, amma in ba a gyara shimfiɗa da cunkoso ba za ta dawo. Koksidiyar kaji ba ta kama akuya, ta akuya ba ta kama maraƙi, kowace dabba da irin nata.

Masu karnuka ma su sani, kwikwiyo yana samun tasa tsutsar mai ƙugiya ta nonon uwa. Ɗan mako biyu ko uku zai iya mutuwa da farin dasashi da baƙin kashi mai danƙo. Shi ya sa ake fara ba su maganin tsutsa tun suna mako biyu.

Maman 'Yan Biyu:
Maganar kashi da jini ta dawo da ni kan yara. Idan yaro ya yi atini, ba sai a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta kawai ba?

Nas ɗin Yara:
A kai shi asibiti, kada a zaɓa masa magani a gida. Jini a bayan gidan yaro ba na gwaji ba ne. Kuma ga abin da nake roƙon kowace uwa ta riƙe: akwai wani nau'in ƙarancin jini da ke zuwa bayan atini, ba a hankali ba, cikin kwana ɗaya ko biyu. Wasu ƙwayoyin cuta, musamman E. coli O157:H7 da wani nau'in Shigella, suna sakin dafin da ke raunata ƙananan jijiyoyin jini, na ƙoda sun fi shan wahala. Jajayen ƙwayoyin jini suna yayyagewa yayin da suke ratsa waɗannan jijiyoyin, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ƙare, ƙoda ta tsaya. Abin tsoron shi ne yakan zo kamar mako ɗaya da fara gudawar, daidai lokacin da ta fara sauƙi kowa ya saki jiki. Yaro ya yi fari farat ɗaya, fitsari ya ragu ko ya ɗauke, fuska ta kumbura, ya yi laushi. Wannan yaron zai iya buƙatar ƙarin jini da wankin ƙoda. Cikin masu kamuwa da wannan nau'in E. coli, har kusan kashi 10 cikin 100 na iya kaiwa ga haka, ƙananan yara da tsofaffi sun fi shiga haɗari. Duk yaron da ya yi gudawa da jini, a sa ido kan fitsarinsa har mako biyu.

Ɗalibar Likitanci:
Anti, a nan ne nake samun ruɗani. An koya mana cewa a cutar E. coli mai wannan dafin ba a son maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin yana iya ƙara haɗarin taɓuwar ƙoda. Amma ƙa'idar kula da yara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai jini a bahaya a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta sifurofuloksasin. Ba karo ke nan ba?

Nas ɗin Yara:
Ƙanwata, ba karo ba ne, bambancin wuri ne da abin da ya fi yawa. Inda Shigella ce ke haddasa mafi yawan atinin yara, kuma tana kisa in an bar ta, ba da maganin ya fi hana shi amfani. Inda ake zargin E. coli mai dafi, misali ɓarkewa bayan cin gurɓataccen abinci, ga ciwon ciki mai tsanani ba zazzaɓi sosai, likita zai dakata ya nemi gwaji. Wannan hukuncin ne ba zai yiwu a yanke shi a gida ba. Abin da duka ɓangarorin suka yarda da shi: kada a ba mai gudawa da jini maganin tsayar da gudawa irin su loferamayid, domin yana tsare dafin a cikin hanji.

Likitan Dabbobi:
Nan ne aikinmu da naku ya haɗu. Shanu ne babban ma'ajin E. coli O157:H7, kuma manyansu ba sa nuna wata alama, saniya lafiyayya ce a ido. Tana kaiwa ga mutum ta niƙaƙƙen naman da bai dahu ba, madarar da ba a tafasa ba, ruwa ko ganyen da kashin shanu ya taɓa, da hannun da ya shafa dabba ba a wanke ba. An fara gane ta a matsayin mai cutar da mutane a 1982. A 1993 ta ɓarke a Amurka ta naman da bai gasu ba, sama da mutum 700 suka kamu, yara huɗu suka rasu. A 2011 wata 'yar'uwarta, O104:H4, ta ɓarke a Jamus ta tsiron iri da ake ci ɗanye, mutane kusan 4,000 suka kamu, sama da 50 suka mutu. Ƙasashe ne masu manyan asibitoci, amma bai hana ba.

Baba Dattijo:
Allah ya kiyaye. To ni tambayata, tunda jini ne ya yi ƙasa, me zai hana a ba mutum maganin ƙarin jini ya yi ta sha har ya cika? Ko ba komai ai ba zai cutar ba.

Nas ɗin Yara:
Baba, shan maganin ƙarin jini ba a toshe inda yake zuba ba, ɗiban ruwa ne da kwando. Kuma yana iya cutarwa. Lokacin da jiki ke yaƙi da cuta, hanta tana sakin wani sinadari, hefsidin, da ke rufe ƙofar shigar ƙarfe daga hanji, domin ƙwayoyin cuta ma da ƙarfe suke girma. Ƙarfen da aka sha a lokacin sai ya zauna a hanji ya ƙara dagula shi. Shi ya sa yaro mai tamowa mai tsanani ba a ba shi ƙarfe a kwanakin farko na jinya, sai ya fara cin abinci yana ƙara nauyi. Wani babban bincike a tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa raba wa yara ƙarfe barkatai a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa ya ƙara yawan masu kwanciya asibiti. Ba wai ƙarfe ba shi da amfani ba, yana da shi ƙwarai ga wanda gwaji ya nuna yana buƙata, kuma akan ci gaba da shi kamar wata uku bayan jinin ya daidaita don a cika ajiya. Yana baƙanta bayan gida, wannan ba abin tsoro ba ne. A ɓoye shi daga yara, domin haɗiye ƙwayoyi da yawa guba ce mai kisa. Mai sikila kuma kada ya sha sai da izinin likitansa.

Mai Gwajin Jini:
Kuma ba kowane ƙarancin jini ne na ƙarfe ba. A madubi muna gani: na ƙarfe ƙwayoyin ƙanana ne koɗaɗɗu, na rashin bitamin B12 ko folik asid manya ne. Wannan yana nuna wa likita wane sashe na hanji zai zarga, tunda ƙarfe a farkon ƙaramin hanji ake tsotse shi, B12 kuma a ƙarshensa.

Ɗalibar Likitanci:
Manya ma kada su ɗauka zancen yara ne kawai. Gudawar da ta wuce mako huɗu tare da rama da ƙarancin jini tana iya zama cutar siliyak, inda sinadarin gulutin na alkama da sha'ir ke sa jiki ya lalata bangon hanjinsa, kuma kusan mutum ɗaya cikin 100 ke da ita. Tana iya zama gyambon babban hanji ko cutar Crohn mai kumbura hanji, ko tsargiyar hanji, ko tarin fuka na hanji, ko cuta mai karya garkuwar jiki.

Baba, wannan kuma ku isar wa sa'o'inku don Allah. Namiji babba, ko macen da ta daina al'ada, in aka same shi da ƙarancin ƙarfe a jini, ga bayan gida ya sauya, yau gudawa gobe bushewar ciki, dole a leƙa hanjinsa da na'ura. Ciwon dajin babban hanji haka yake farawa, yana tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, kuma an fi samun nasara a kansa in an kama shi da wuri. Mutane da yawa suna ɓata watanni suna cewa basir ne.

Baba Dattijo:
Na ji, 'yata. Zan faɗa musu. Allah ya yi muku albarka.

Maman 'Yan Biyu:
Saura ɗaya. Maganin tsutsa na yara, daga wane shekaru ake farawa? Kuma in an ce a kawo bayan gida don gwaji, yaya ake yi?

Nas ɗin Yara:
Daga wata 12. Albendazol miligiram 200 ga ɗan wata 12 zuwa 23, miligiram 400 daga shekara biyu, sau ɗaya ko biyu a shekara a inda tsutsar ta yawaita. Ga ƙaramin yaro a murƙushe ƙwayar a dama da ruwa don kada ta shaƙe shi. Mai ciki sai bayan wata ukun farko. Sha ɗaya yana aiki sosai a kan mai ƙugiya, amma Trichuris tana da taurin kai, takan buƙaci kwana uku. Maganin ba ya hana sake kamuwa, takalmi da masai da wanke hannu ke yin wannan. Kuma kada a ɗebi na dabbobi a ba mutum ko da sunan iri ɗaya ne.

Mai Gwajin Jini:
Samfurin kuma sabo muke so, a cikin robar da muka bayar, kada ya haɗu da fitsari ko ƙasa ko ruwan masai. Kamar cikin ƙaramin cokali ya isa, kuma a ɗebo daga inda majina ko jini yake. In mai ruwa ne a kawo shi cikin awa ɗaya, domin amiba da motsinta muke gane ta, in ta huce ta daina motsi. A faɗa mana duk maganin da aka riga aka sha. In gwajin farko bai nuna komai ba alhali alamun suna nan, a sake kawowa a ranaku daban-daban har sau uku, saboda ba kullum ƙwayayen ke fita ba.

Likitan Dabbobi:
Malam Mai Awaki, kai ma haka. Ka ɗebi kashin dabbobi kamar goma ranar da za ka ba su magani, ka sake ɗiban na waɗannan dabbobin bayan kwana 14, a ƙirga ƙwai a duka biyun. In adadin bai faɗi da kashi 95 cikin 100 ba, maganin nan ya fara gazawa a garkenka, sai mu duba wani rukunin.